Sharhi: Shin sa ido yana gyara tafiyar da hukumomin tsaro? Abin da binciken kuɗin Pentagon ya nuna

A watan Nuwamban 2024 ma'aikatar tsaron Amurka, wadda aka fi sani da Pentagon, ta fitar da sakamakon binciken kuɗinta na shekara. Karo na bakwai ke nan a jere da masu binciken suka ce ba za su iya tabbatar da sahihancin lissafin ma'aikatar ba. Babu wata ma'aikatar tsaro a duniya da ta kai ta kasafin kuɗi, kuma ita da kanta ta ce tana da kadarori na kusan dala tiriliyan 4.1, amma ta kasa gabatar da isassun takardun da za su nuna inda dukiyar take da kuma darajarta.

Amurka ba ta rasa masu sa ido ba. Tana da kwamitocin majalisa, da ofishin bin diddigi mai cin gashin kansa, da sufeto janar, da dokoki masu tsauri kan sayen makamai. Wannan ne ya sa masu nazarin harkokin mulki ke yawan komawa ga Pentagon idan ana muhawara kan ko sa idon gwamnati yana gyara hukumomin tsaro. Tarihin shekaru fiye da 30 ya nuna cewa sa ido ya ƙware wajen bankaɗo matsala, amma gyara ba ya samuwa sai an haɗa binciken da ma'auni bayyananne, da shugabanni na cikin gida da suka ɗauki aikin a matsayin nasu, da kuma wani sakamako da zai biyo bayan gazawa.

Su wane ne ke sa ido

Majalisar dokokin Amurka ce kan gaba, domin ita ke amincewa da kasafin kuɗi. Kowace shekara kwamitocin harkokin soja na majalisun dattawa da na wakilai suna tsara dokar manufofin tsaro, wadda ta hanyarta ake ɗora wa Pentagon wa'adi, a nemi rahotanni, a ƙirƙiri ofisoshi ko a rushe su.

Na biyu shi ne Ofishin Bin Diddigin Ayyukan Gwamnati, wanda ake kira GAO a taƙaice. An kafa shi a 1921, kuma majalisa yake yi wa aiki, ba fadar shugaban ƙasa ba. Shugabansa, Kwanturola Janar, yana riƙe muƙamin na shekara 15 sau ɗaya tak, abin da ke ba shi kariya daga sauyin gwamnati. Sai dai GAO shawara kawai yake bayarwa, ba shi da ikon tilasta wa wata ma'aikata ta aiwatar.

Na uku shi ne ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar tsaro, wanda aka kafa a 1982. Yana cikin ma'aikatar, yana binciken almundahana da almubazzaranci, kuma shi ke jagorantar binciken kuɗi na shekara tare da kamfanonin akantoci masu zaman kansu. Akwai kuma hukumar DCAA da ke duba lissafin 'yan kwangilar da ke yi wa soja aiki.

Abin da "faɗuwa" a binciken kuɗi ke nufi

Wasu dokoki biyu, na 1990 da na 1994, sun wajabta wa manyan hukumomin gwamnatin tarayya 24 su riƙa gabatar da bayanan kuɗi da aka tantance kowace shekara. Dukkansu sun taɓa samun sakamako mai tsafta in ban da ma'aikatar tsaro. Ita ba a ma yi mata cikakken bincike ba sai a 2018, lokacin da masu bincike kusan 1,200 suka bazu a sansanoni da ɗakunan ajiya, bayan majalisa ta ba ta wa'adin watan Satumban 2017 ta kammala shiri.

Mai binciken kuɗi yana iya cewa lissafi daidai yake, ko daidai yake in ban da wasu wurare, ko kuwa ba daidai ba ne. Akwai mataki na huɗu, inda zai ce shaidun da aka ba shi ba su kai ya yanke wani hukunci ba. Wannan na huɗun shi Pentagon ke samu. Ba a ce an sace kuɗin ba, an dai ce ba a iya tabbatar da lissafinsu ba. Tun a ranar 10 ga Satumban 2001 sakataren tsaro na lokacin, Donald Rumsfeld, ya yi ƙorafin cewa akwai hada-hadar kuɗi ta dala tiriliyan 2.3 da ba a iya bin sawunta, yana nufin shigarwar lissafi marasa takardun da za su mara musu baya.

Duk da haka bambancin bai kai a kwantar da hankali ba. Ma'aikatar da ba ta iya nuna inda kayanta suke ba za ta iya rantsewa cewa babu abin da ya salwanta ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalilan gazawar sanannu ne. Kadarorin ma'aikatar suna warwatse a jihohi 50 da ƙasashe fiye da 40. Rundunonin ƙasa da na ruwa da na sama kowace ta gina nata tsarin kwamfuta na lissafi tsawon shekaru, har aka tara ɗaruruwan tsare-tsare da ba sa fahimtar juna. Sannan akwai kayan gwamnati masu ɗimbin yawa da ke hannun 'yan kwangila, waɗanda ba su shiga littafin ma'aikatar yadda ya kamata ba.

Ba bincike ɗaya ake yi wa ma'aikatar ba. A 2024 an raba ta sassa 28: tara sun samu sakamako mai tsafta, ɗaya ya samu mai sharaɗi, 15 ba a iya yanke musu hukunci ba, uku kuma ba a kammala nasu ba a lokacin da aka fitar da rahoton. Matsalar ita ce manyan rundunonin, waɗanda ke riƙe da mafi yawan dukiyar, suna cikin waɗanda suka gaza.

Hukumomin da ke bayan fage

Baya ga rundunonin yaƙi, akwai wasu hukumomi a ƙarƙashin sakataren tsaro waɗanda ke yi wa dukkan rundunonin hidima. Hukumar DLA ce ke sayo man fetur da abinci da kaki da kayan gyara. DFAS ke biyan albashi da kuɗin 'yan kwangila. DSCA kuma ke kula da sayar da makamai ga gwamnatocin ƙasashen waje, kuma ta wannan tsarin ne Najeriya ta sayi jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da suka fara isowa a 2021.

An kafa irin waɗannan hukumomi ne don a rage kashe kuɗi, ta yadda kowace runduna ba za ta riƙa yin aiki iri ɗaya ita kaɗai ba. A da doka ta ce sakataren tsaro ya riƙa duba su duk bayan shekara biyu, ya tantance ko har yanzu ana bukatarsu. A watan Satumban 2018 GAO ya duba yadda ake bin wannan doka a hukumomi 19 da wasu cibiyoyi takwas, ya gano cewa ma'aikatar ba ta yin cikakken bitar a kai a kai. Ya kuma gano cewa aƙalla ofisoshi shida ne ke gudanar da harkokin ɗaukar ma'aikata da kula da su, aikin wannan yana shiga na wancan. Wato dokar sa ido tana nan a rubuce, amma shekaru sun shuɗe ba tare da wani ya tsaya ya ga an cika ta ba.

A farkon shekarar ta 2018 kuma aka ji cewa kamfanin akantoci na Ernst & Young ya gano hukumar DLA ba ta da cikakkun takardun ayyukan gine-gine na fiye da dala miliyan 800.

Inda sa ido ya yi tasiri

Tun 1990 GAO ke fitar da jerin fannonin gwamnati da suka fi fuskantar haɗarin almubazzaranci da zamba, yana sabunta shi duk bayan shekara biyu. Ba a fita daga jerin sai an cika sharuɗɗa biyar: jajircewar shugabanni, isassun ma'aikata da kayan aiki, rubutaccen tsarin gyara, bin diddigin aiwatar da shi, da ci gaban da za a iya nunawa. Kowane sharaɗi ana ba shi maki, ana kuma bayyana makin ga jama'a.

Harkar ajiya da rarraba kayan soja ta shiga jerin tun ranar farko. Shekara da shekaru rundunonin suna sayen kayan gyaran da ba sa bukata suna jibgewa, yayin da waɗanda ake bukata a fagen daga ke yankewa. Majalisa ta tilasta wa ma'aikatar ta rubuta tsarin rage rarar kaya tare da adadin da za a auna ta da shi, GAO kuma ya riƙa komawa yana dubawa. A 2019 aka cire fannin daga jerin, bayan shekara 29. A 2021 aka cire fannin kula da gine-gine da sansanonin soja, wanda ya shiga a 1997.

Binciken kuɗin shekara-shekara ma ya haifar da amfani, duk da faɗuwar da ake yi. A 2019 rundunar sojan ruwa ta bayyana cewa an gano wani ɗakin ajiya a Jacksonville ta jihar Florida da ba ya cikin littafinta, ɗauke da kayan gyaran jiragen sama na dala miliyan 126. An yi amfani da wasu daga ciki wajen gyara jiragen da ke jiran kaya. A irin wannan ne jami'ai suka fara ganin cewa ƙidayar kaya tana da alaƙa kai tsaye da shirin yaƙi, domin jirgin da ba a san inda kayan gyaransa suke ba ba zai tashi ba.

A watan Fabrairun 2024 rundunar Marin, wato dakarun da ke yaƙi a ruwa da tudu, ta zama rundunar soja ta farko da ta samu sakamako mai tsafta. Ta kai ga haka ne bayan ta sauya tsohon tsarin lissafinta da sabo, ta kuma ɗauki shekara biyu ana bincikenta, masu bincike suna shiga sansanoni suna ƙirga kaya da hannu. Manyan hafsoshinta sun mayar da aikin umarni na soja da kowane kwamanda zai amsa tambaya a kansa. Rundunar dai ƙarama ce idan aka kwatanta da ta ƙasa ko ta ruwa, amma ta rushe hujjar cewa lissafin soja ya fi ƙarfin bincike.

Akwai kuma batun kamfanin TransDigm mai sayar da kayan gyaran jiragen sama. A 2019 Sufeto Janar ya gano kamfanin ya ci ribar da ta wuce kima, ta dala miliyan 16.1, a kan kaya 46 cikin 47 da aka duba. Kamfanin ya dage cewa bai karya doka ba. Bayan wani zaman jin bahasi mai zafi a majalisar wakilai, ya amince ya mayar da kuɗin. Rahoton ne ya kawo shaida, matsin lambar majalisa kuma ya sa aka biya. Amma a 2021 wani rahoton ya sake samun rarar riba ta kusan dala miliyan 21 a wasu kwangilolin kamfanin, domin giɓin da ke cikin doka, wanda ke bai wa mai sayar da kayan da shi kaɗai ke ƙera su damar ƙin bayyana ainihin kuɗin da ya kashe, yana nan ba a toshe ba.

Inda ya gaza

A jerin GAO na 2023 akwai fannoni biyar na ma'aikatar tsaro. Sayen manyan makamai yana ciki tun 1990, kula da kwangiloli tun 1992, harkar kuɗi da sabunta tsarin kwamfuta tun 1995, sai sauya fasalin gudanarwa tun 2005.

Sayen makamai ne ya fi nuna iyakar sa ido. Dokar Nunn-McCurdy ta 1982 ta ce a sanar da majalisa idan farashin wani makami ya haura abin da aka tsara da wani kaso. Tun daga 2009, idan hauhawar ta kai kashi 25 cikin 100 a kan ƙiyasi na yanzu, ko kashi 50 a kan na asali, to a soke aikin, sai fa idan ma'aikatar ta shaida a rubuce cewa tsaron ƙasa ba zai yiwu ba sai da shi. Wannan ƙofa ce manyan ayyuka ke bi su tsira. Jirgin yaƙi samfurin F-35 ya ƙetare iyakar a 2010 aka ci gaba da shi. A 2024 kuɗin sabon makami mai linzami mai cin dogon zango na Sentinel ya tashi da kashi 81 cikin 100, zuwa kusan dala biliyan 141, shi ma aka ba shi shaidar ci gaba. Idan an riga an zuba biliyoyi, kuma masana'antun da ke aikin suna mazaɓun 'yan majalisa da dama, gargaɗin ya kan zama ihu bayan hari.

Jirgin F-35 ɗin ya sake fitowa a rahoton GAO na watan Mayun 2023, wanda ya ce tun 2018 kayan gyara fiye da miliyan ɗaya, na sama da dala miliyan 85, sun ɓata ko sun lalace a hannun ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar, kuma ofishin da ke kula da jirgin bai duba ko kashi biyu cikin 100 na asarar ba. Kayan na gwamnati ne, amma littafin ƙidayarsu yana hannun kamfani.

Ƙirƙirar sabon muƙami ma bai wadatar ba. GAO ya daɗe yana ba da shawarar a naɗa babban jami'in gudanarwa da zai kula da gyaran ma'aikatar. Majalisa ta kafa ofishin, ya fara aiki a watan Fabrairun 2018 a matsayin na uku a girman muƙami a Pentagon. Kafin a cika shekara uku majalisar ta rushe shi, bayan nazari ya nuna bai kawo sauyin da aka sa rai ba. An ba shi matsayi a takarda, amma rundunoni da hukumomin da ke riƙe da kuɗi da ma'aikata ba su sallama masa iko ba.

Wani lokaci kuma rahoton ne ke zame wa ma'aikatar abin tsoro. A watan Janairun 2015 wani kwamitin ba da shawara na 'yan kasuwa da Pentagon ta kafa ya ce za a iya tsimin dala biliyan 125 cikin shekara biyar daga ayyukan ofis. A ƙarshen 2016 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa manyan jami'ai sun danne rahoton, don gudun kada majalisa ta fake da shi ta zaftare kasafin kuɗi.

Wa ke kare mai bincike

Sa ido yana dogara ne kan amincin mai binciken da kuma 'yancinsa. Shari'ar Leonard Francis, ɗan kwangilar da kamfaninsa ke hidimta wa jiragen ruwan yaƙin Amurka a tasoshin Asiya, ta nuna haɗarin farko. Ya amsa laifin bai wa hafsoshi cin hanci da kuma cajin rundunar rarar aƙalla dala miliyan 35. Cikin waɗanda ya saye har da wani jami'in sashen binciken laifuka na rundunar, wanda ya riƙa tseguntar masa da bayanan binciken da ake yi a kansa. An kama shi a 2013, an yanke masa ɗaurin shekara 15 a watan Nuwamban 2024.

Haɗari na biyu ya fito fili a watan Janairun 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya sallami sufetoci janar fiye da goma a dare ɗaya, har da na ma'aikatar tsaro, Robert Storch. 'Yan majalisa daga jam'iyyun biyu sun nuna cewa ba a ba su sanarwar kwana 30 da dalilan korar kamar yadda doka ta tanada ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa sufeto janar, shi ke iya cire shi, saɓanin shugaban GAO wanda sai majalisa ta sa hannu kafin a tsige shi.

Wa'adin 2028

Babban giɓin da masu suka ke nunawa shi ne gazawa ba ta taɓa rage wa ma'aikatar kuɗi ba. Kasafin tsaron da majalisa ta amince da shi ya tashi daga kusan dala biliyan 700 a 2018 zuwa kusan biliyan 886 a 2024, a daidai shekarun da ake ta faɗuwa a binciken. Sanata Bernie Sanders da Sanata Chuck Grassley, waɗanda ba jam'iyyarsu ɗaya ba, sun sha gabatar da ƙudurin da zai sa duk sashen da ya gaza ya mayar wa baitulmali kashi ɗaya cikin 100 na kasafinsa, amma ƙudurin bai zama doka ba. Masu adawa da shi na cewa rage kuɗi zai cutar da ƙananan sojoji da shirin yaƙi fiye da jami'an da suka yi sakaci, kuma gyaran tsarin kwamfuta shi kansa kuɗi yake bukata.

Abin da majalisa ta yi shi ne sanya sabon wa'adi. Dokar manufofin tsaro ta 2024 ta ce dole ma'aikatar ta samu sakamako mai tsafta kafin ƙarshen watan Disamban 2028. Jami'an Pentagon sun ce suna kan hanya, suna kafa hujja da rundunar Marin da kuma sassan da suka riga suka tsallake. Masu bincike kuwa sun lissafa manyan raunuka 28 a tsarin kula da kuɗin ma'aikatar a rahoton 2024, waɗanda suka haɗa da tsaron na'urorin lissafi, da daidaita asusunta da na baitulmali, da kayan da ke hannun 'yan kwangila.

Idan aka jera wuraren da aka yi nasara, wato harkar rarraba kaya da sansanoni da rundunar Marin, za a ga kowanne yana da adadin da ake aunawa, da mai bincike da ke dawowa kowace shekara, da shugaban da aka san shi zai amsa tambaya. Wuraren da aka gaza kuwa ko dai doka ta bar ƙofar fita, ko alhakin ya rarrabu tsakanin ofisoshi da yawa, ko kuma kuɗi ya ci gaba da zuwa ko an gyara ko ba a gyara ba. Rundunonin ƙasa da na ruwa da na sama, waɗanda ke riƙe da mafi yawan kadarorin, su ne za a zuba wa ido kafin wa'adin ya cika, kuma majalisa ce za ta yanke shawarar abin da zai biyo baya idan suka sake gazawa.